Karena da kyanwata sun ci shara, duk biyun suna amai: in hana su abinci ne?

Uwar Toka:

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Don Allah masu kiwon kare da mage ku taimaka mini da shawara, tun jiya kaina a ɗaure yake.

Dabbobi biyu gare mu. Akwai Zaki, kare ɗan shekara 4, kilo 22 a awon ƙarshe da aka yi masa, alluransa na rigakafi duk sun cika. Sai Toka, kyanwa 'yar shekara 6, an yi mata aikin hana haihuwa tun tana ƙarama, kuma gaskiya ta yi ƙiba, kilo 5 da rabi. Laifina ne, ba na iya jure kukanta in ta zo ta zauna a gindin ƙafata tana kallona.

Ranar Asabar da daddare mun yi baƙi, na gasa kaji biyu. Ko da aka watse na gaji liƙis, sai na tattara ragowar, fata da kitsen da ya daskare a tire da ƙasusuwa da sauran tarkace, na zuba a kwandon shara na ce da safe a fitar. Ashe ban ja ƙofar kicin da kyau ba. Da asuba na fito na tarar da kwando a kife, leda a yage, Zaki na kwance a gefe yana kaɗa wutsiya kamar ba shi ba, Toka kuma tana saman firji tana lasar hannu.

Tun hantsin Lahadi Zaki ya fara. Amai uku ya yi jiya. Na farko abinci ne zalla da guntayen fata, na biyu da na uku ruwa ne da kumfa mai ɗan rawaya. Da yamma zawo ya biyo baya, mai yawa, ruwa-ruwa, wari kuwa ba a magana. Jini dai ban gani ba, na haska da tocila har sau biyu. Cikinsa na ta ƙugi, ina jiyowa daga inda nake zaune. Amma yana shan ruwa, yana miƙewa in an taɓa ƙofa, ɗazu ma har ya ɗauko ƙwallonsa ya ajiye mini a ƙafa.

Toka ba ta ɓata wuri kamar shi ba. Sau biyu ta yi amai jiya, yau da safe sau ɗaya, duk farar kumfa ce 'yar kaɗan. Zawo babu, hasali ma tun jiya ban ga ta yi kashi ba. Abinci ne ta ƙi. Takan zo har bakin kwano ta shinshina, ta lashi leɓe, ta haɗiyi miyau, sai ta juya ta shige ƙarƙashin gado. Rabonta da sa wani abu a baki tun daren nan na Asabar, yanzu kuwa Litinin ce da azahar.

Maigidan ne ya saba da irin waɗannan abubuwa, ga shi ya yi tafiya, wayarsa ba ta shiga. Asibitin dabbobi da nisa daga wurinmu, kuma sa Toka a akwatin ɗauka yaƙi ne, har yanzu da tabon na bara a hannuna. Shi ya sa nake so in ji ko abu ne da zan iya lallaɓawa a gida.

Wata maƙwabciyata ta ce in hana su abinci su duka kwana ɗaya cur, ciki ya huta. Haka ne? Ina da Flagyl da Imodium da Panadol, akwai wanda zan iya ba su a ciki? Ita Toka in gwada mata madara ko za ta karɓa?

Mai Karnuka Uku:

Wa alaikumus salam Hajiya, sannu da jinya. Ki kwantar da hankalinki, wannan ruwan dare ne ga duk mai kare. Shekara 15 ina kiwon su, babu wanda bai taɓa yi mini haka ba. Kare ba shi da linzami a kan abinci. Kitse ne ya yi wa cikinsa yawa, ciki kuma yana dawo da abin da ya fi ƙarfinsa.

Ni abin da nake yi, in ɗauke kwanon abinci awa 12, in abin ya yi yawa har 24. Ruwa ba a ɗauke shi. Sai dai kada ki bar masa bokiti a cike, don kare mai amai in ya samu ruwa sai ya kwankwaɗa ya cika ciki, ya juya ya zubar. Ki ba shi kamar rabin kofi, ki jira rabin awa, in ya zauna ki ƙara.

In lokacin ya cika kuma aman ya tsaya, ki dafa ƙirjin kaza, ba fata, ba ƙashi, ba gishiri, ba mai, ba albasa, ruwa kawai. Ki haɗa da farar shinkafa da ta dahu luguf, kashi ɗaya kaza, kashi biyu shinkafa. Cokali 3 ko 4 ki fara da shi, ki jira awa biyu ki gani. In bai dawo da shi ba ki riƙa ba shi kaɗan-kaɗan sau 4 ko 5 a rana, kwana biyu ko uku, sannan ki fara cakuɗa masa da abincinsa na kullum, kullum kina ƙara nasa kina rage shinkafar har ya koma daidai. Nakan ƙara cokali ɗaya na dafaffiyar kabewa, tana taimakawa kashi ya ɗaure. Kuma in kin ga bai yi kashi ba kwana ɗaya ko biyu bayan zawon kada ki tsorata, hanjin ne ya zama fanko, sai ya sake tarawa.

Mage ban taɓa kiwo ba, amma ciki ai ciki ne. Ina ga abin da ya yi wa kare zai yi mata. Ki hana su duka zuwa gobe. Flagyl kuwa ni ina ba nawa, ban taɓa ganin illa ba.

Inna Mai Kyanwa:

Malam a yi mini afuwa. A kan kare ba ni da ta cewa, amma a kan mage ka kauce, kuma kaucewar da ni kaina na taɓa yi ce, shi ya sa ba zan iya yin shiru ba.

'Yar'uwa, kada ki bi maganar hana Toka abinci. Ita ai ta riga ta hana kanta. Ki lissafa daga asubahin Lahadi zuwa yanzu, ta haura awa 30. Wane hutu kuma za a ƙara wa cikin da babu komai a cikinsa?

Ina da wata mai suna 'Yar Gata, ita ma lukuta kamar taki. Shekarun baya da muka canza gida ta yi fushi ta daina ci. Na ce ƙyale ta, yunwa za ta koro ta, ai tana da ajiya a jiki, ko ramewa ta ɗan yi alheri ne. Kwana biyar ina wannan taurin kai. Rannan na ɗago ta na ga cikin kunnenta da farin idonta sun koma ruwan ɗorawa kamar mai shawara. Da muka je asibiti likita ya yi mini bayanin da har gobe ba zan manta ba. Mage in ta daina ci, jikinta yakan kwaso kitsen da ya tara ya tura wa hanta don ta mayar da shi ƙarfi. To hantar mage ba ta iya ɗaukar wannan lodi. Kitsen sai ya taru a cikinta ya cushe ta, ta kasa aiki. Hanta na lalacewa, tashin zuciya na ƙaruwa, ita kuma tana ƙara ƙin abinci, abu ya zama zobe. Kuma wadda ta fi ƙiba ita ta fi shiga haɗari. Ajiyar da nake taƙama da ita, ita ce ta kusa kashe ta. Sai da aka sa mata bututu ta gefen wuya, na yi makonni ina ɗura mata abinci da sirinji kafin ta dawo ci da bakinta. Kare zai iya kwana biyu bai ci ba ya tashi ya karkaɗe jiki. Mage ba haka take ba. Tun daga nan, duk wadda ta yi mini awa 24 ba ta ci komai ba, ba na jiran na biyu.

Panadol ɗin nan kuma, don girman Allah ki ɗauke shi ki kai wani ɗaki. Parasitamol guba ne ga mage, ƙwaya ɗaya tana iya kashe ta. Hantarta ba ta da sinadarin da ke warware shi kamar tamu, sai ya lalata jinin ya kasa ɗaukar iska, dasashi ya koma ruwan ƙasa, fuska da tafin ƙafa su kumbura, numfashi ya gagara. Babu wani rabi ko kwata da ya halatta.

Madara ma a'a. Na san kowa da mage da madara ya taso yana ji, amma yawancinsu da zarar an yaye su cikinsu ya rage iya narkar da sukarin da ke cikin madara. Zawo kawai za ki ƙara mata.

Wannan lasar leɓe da haɗiyar miyau da kika gani, tashin zuciya ne. Tana son ci, zuciyarta ce ke hana ta. Ki gwada mata 'yar tsokar kaza dafaffiya mai ɗumi-ɗumi, ɗumin yana tayar da ƙamshi. In ta ƙi kada ki danna mata.

Amma wani abu na damuna. Kare ya yi zawo, ita ba ta yi ba. Shi yana wasa, ita tana ɓuya. Anya ciwo ɗaya suke yi? Ki zauna ki tuna mana duk abin da ke cikin kwandon nan, har wanda ba abinci ba.

Uwar Toka:

Na gode Malam, na gode Inna. Wallahi jikina ya yi sanyi da na karanta maganar Panadol, don har na ɓare takardarsa ɗazu, Allah ne ya sa na ce bari in tambaya tukuna. Ban ba kowa komai ba.

Na gwada kazar yanzu. Ta fito, ta shinshina, ta ja da baya, miyau ya zubo mata ta gefen baki, ta koma. Da na miƙa hannu na taɓa cikinta sai ta yi wani ƙaramin kuka ta maƙure. Zaki kuwa bai sake amai ba tun daren jiya, zawo ɗaya ya ƙara da safe, kuma shi ne ya tsaya yana kallon kazar kamar zai yi magana.

Abin da ke cikin kwandon, iya tunanina: fatar kaza da kitse, ƙasusuwa, ɓawon albasa da 'yar ragowar albasar da na gasa da kajin, ɓawon lemun tsami, takardar azurfa da na rufe tire da ita, tishu, sai zaren da na ɗaure ƙafafun kajin da shi. Da nake shara na ga takardar azurfar a yayyage, ƙasusuwa sun ragu amma ba duka ba. Zaren kuwa guda ɗaya na gani, alhali biyu na yanka. Na ɗauka ya bi cikin ledar.

Malamin Dabbobi:

Hajiya, ki bar abin da kike yi ki shirya Toka zuwa asibiti yau, ba gobe ba. Na yi shekaru ina aiki tare da likitocin dabbobi, kuma zaren nan da ya ɓata shi ne ya tsayar da ni. Ba na ce lallai ta haɗiye shi ba, ban gan ta ba. Amma zare da ya sha man kaza, mage mai amai, ta ƙi ci, ba kashi, ciki na ciwo, wannan haɗin ba a kwana da shi.

Harshen mage yana da 'yan ƙayoyi masu kallon baya. In ta fara tauna zare ba ta iya tofar da shi, sai dai ya yi ta shiga. Sau da yawa baki ɗaya yakan naɗe a gindin harshe, ko ya maƙale a mafitar tumbi, ɗaya bakin kuma ya wuce cikin hanji. Hanji aikinsa turawa, sai ya yi ta ƙoƙarin tura abin da aka ɗaure daga sama. Kin san yadda bakin wando ke tattarewa in an ja mazagi? Haka hanjin ke tattarewa a kan zaren. In aka daɗe zaren ya miƙe ya yi tauri, ya fara yanka bangon hanjin, abin da ke ciki ya zubo cikin ciki. Tun kafin ya yanka aiki ne mai sauƙi. Bayan ya yanka labari ya canza.

Saboda haka, in kin ga bakin zare a ƙarƙashin harshenta ko yana leƙowa ta duburarta, kada ki ja, ko kaɗan. Ki bar shi yadda yake likita ya gani. Kada ki ɗura mata mai wai ya sulɓe. Kada ki ba ta ruwan gishiri don ta yi amai, gishirin kansa guba ne, yana kashewa. Kuma duk da maganar Inna gaskiya ce ƙwarai, a yanzu ki daina gwada mata abinci, don mai yiwuwa a sa ta barci a duba ta, kuma an fi son ciki ba komai. Ki ɗauki ɗaya zaren ki tafi da shi, su ga irinsa da tsawonsa. Ki faɗa musu tun a bakin ƙofa, don zare ba ya fitowa a hoton ciki kamar ƙashi ko ƙarfe, yanayin hanjin ake dubawa, kuma mage a farke da wuya ta bari a ɗaga harshenta.

Maganar akwati: ki tsayar da shi a kan gindinsa, ƙofa na kallon sama. Ki lulluɓe ta da babban tawul har kai, ki naɗe, ki zura ta ciki ƙafafun baya a gaba, ki rufe. Kada ki matse cikinta. In kin yafa wani zane a kan akwatin za ta fi natsuwa a hanya.

Zaki kuma, abin da Mai Karnuka Uku ya faɗa a kan abinci daidai ne. Tunda ya haura awa 12 bai yi amai ba, ki fara ba shi kazar da shinkafar yanzu, ba sai gobe ba. Yanzu an rage yawan hana abinci na dogon lokaci, don bangon hanji da abincin da ke wucewa yake gyara kansa. In zawo ne kawai ba amai, ba ma sai an hana ba, a sauƙaƙa abincin kawai. Ruwa kuwa, kare lafiyayye yana bukatar wajen mililita 50 zuwa 60 a kowane kilo a rana, nasa ya haura lita ɗaya ke nan, mai zawo kuma ya fi haka.

Ki riƙa ɗaga leɓensa safe da yamma. Dasashi ya zama ja-ja mai laima. In kin danna da yatsa ya yi fari, ya kamata launin ya dawo kafin daƙiƙa 2. In ya bushe yana manne wa yatsa, ko kin ɗago fatar bayan wuyansa ta tsaya ba ta koma nan take ba, ruwan jikinsa ya yi ƙasa, sai an yi masa ƙarin ruwa. In kina da ma'aunin zafi, na kare da mage daga digiri 38 ne zuwa 39 da ɗigo 2, sun fi mu zafi, kada ki auna su da namu.

Abubuwa uku ne a kwandon nan za su iya waiwayo shi. Kitse yakan kumbura wata 'yar halitta da ke manne da tumbi mai fitar da ruwan narkar da abinci, wadda ake kira fankiriyas. Alamarta amai ya dawo ya ƙi tsayawa, kare ya ƙi ci, ya riƙa kwantar da ƙirji a ƙasa yana ɗaga gindi sama don ciwo. Dafaffen ƙashin kaza yakan tsage ya yi tsini, to ki lura da nishi ba kashi, ko jini, ko baƙin kashi mai yauƙi kamar kwalta, wanda jini ne da ya narke daga sama. Albasa kuma tana fasa jajayen ƙwayoyin jini, kuma ba ta nunawa sai bayan kwanaki. 'Yar ragowa ga kare mai kilo 22 da wuya ta yi komai, amma in cikin makon nan kin ga dasashi ya yi fari ko fitsari ya yi duhu, ki faɗa wa likita. In zawon ya wuce kwana 2 zuwa 3 bai fara ɗaurewa ba, ki kai shi tare da ɗan kashin a leda a duba tsutsa. Akwai kuma wanda ba ya jiran safiya: kare ya yi ta kakarin amai ba abin da ke fitowa, ciki ya kumbura ya yi tauri kamar ganga, ya kasa zama wuri ɗaya. Tumbi ne ya cika da iska ya murɗe, ya fi samun manyan karnuka masu zurfin ƙirji, kuma cikin awoyi yake kisa.

Magungunan nan ki mayar da su durowa. Flagyl, Malam, na yarda ba ka ga illa ba, amma yawancin zawon da ke biyo bayan cin shara da kansa yake tsayawa, ko an ba da ko ba a ba da ba, sai maganin ya karɓi yabon da ba nasa ba. Yana kashe ƙwayoyin hanji masu amfani, kuma in ya yi yawa yana taɓa ƙwaƙwalwa, kare ya riƙa tangaɗi. Imodium yana tsayar da motsin hanji ne, wanda ba a so in akwai guba ko abin da ya toshe. Akwai irin karnukan kiwon tumaki da ake kira koli da danginsu da yake bugarwa sosai saboda wani gado a jininsu, mage kuma ba a ba ta shi a gida. Maganin ciwon jiki irin su ibufurofen da dikulofenak su ma suna yi wa karnuka babbar ɓarna, gyambon ciki da ƙoda. Likita yana da allurar tsayar da amai da aka yi don kare da mage, in ana bukata shi zai yi.

Ki tashi Hajiya. Zaki zai iya jiran ki a gida da ruwansa.

Mai Karnuka Uku:

Na karɓi gyara, Inna, na karɓi gyara, Malam. Abin da ban sani ba na faɗa, Allah ya sa ba a bi ba. Hajiya Allah ya ba ta lafiya.

Tunda an zo nan, bari in ƙara abin da na manta, don kada wani ya karanta maganata ya yi wa ɗan kwikwiyo. Hana abincin nan na babban kare ne lafiyayye. Kwikwiyo da ƙananan karnuka sukarin jininsu yana faɗuwa da wuri, ba a sa su azumi, haka mai ciwon sukari da tsoho tukuf. Ni na rasa 'yan kwikwiyo biyu a mako ɗaya, 'yan wata uku, ban gama musu allura ba. Na ɗauka cin ƙazanta ne, na hana su abinci ina jira. Ashe fabo ce, wata muguwar cuta mai yaɗuwa da ke kama hanjin 'yan kwikwiyo. Amai, kwanciya, sai zawon jini mai wani irin ƙarni da in ka taɓa ji ba ka mantawa. Ko da na kai su ruwan jikinsu ya ƙare. Cutar tana daɗewa a ƙasa wata da watanni, sabulu ba ya kashe ta, sai da na wanke ko'ina da bilic, kashi ɗaya cikin ruwa kashi 30, kuma na daɗe ban kawo wani ba. Yanzu daga mako 6 zuwa 8 nake fara musu allura, ana maimaitawa duk bayan mako 3 ko 4 har su kai mako 16, kuma ba sa taka waje sai an gama.

Uwar Toka:

'Yan'uwa ku yi haƙuri da shiru, sai yau Alhamis na samu kaina.

Dabarar tawul ta yi, ko ƙwarzane ban samu ba, amma ina ga rashin ƙarfi ne ya sa ba ta yi faɗa ba, wannan ma ya ƙara tsorata ni a hanya. Da muka isa na miƙa musu zaren kamar yadda Malamin Dabbobi ya ce. Likitar ta taɓa cikin ta ce tana jin hanji a dunƙule wuri ɗaya. Suka ba ta maganin barci, aka ɗaga harshe, sai ga shi nan a naɗe a gindinsa, har ya fara nutsewa cikin nama. Na leƙa bakin kyanwar nan sau nawa a gida ban ga komai ba.

A daren aka yi aikin. Wuri biyu suka buɗe a hanji suka fitar da shi gutsi-gutsi. Likitar ta ce wurin ya yi ja amma bai huje ba. Ban tambaye ta da na kai gobe me zai faru ba, ba na son ji. Ta kwana biyu a can ana yi mata ƙarin ruwa, jiya da yamma na dawo da ita da ciki a aske da wani mazurarin roba a wuya don kada ta lashi ɗinkin. Sun ce kwana 10 zuwa 14 kafin a cire. Sun auna jininta saboda maganar hanta da Inna ta yi, suka ce da sauƙi, amma lallai ta riƙa ci. Yau da safe ta cinye cokali biyu na abincin gwangwani da suka ba ni na masu ciwon ciki, na zauna a ƙasa ina kallonta kamar wadda ba ta taɓa ganin mage na cin abinci ba. Sun kuma ce in ta warke za mu zauna a kan maganar ƙibarta, a hankali, ba da yunwa ba.

Zaki lafiya lau. Kaza da shinkafa tun daren Litinin, Talata kashin ya fara haɗuwa, jiya ya fito daidai, da 'yan ƙyalli-ƙyallin takardar azurfa a ciki. Dasashinsa ja, ina dubawa har ya fara gudu in ya ga na nufo bakinsa. Yau na fara cakuɗa masa abincinsa.

Maigidan ya dawo jiya, ya ji labari, bai ce komai ba ya fita ya sayo sabon kwandon shara mai murfi, irin wanda ake takawa da ƙafa ya buɗe. Ɗazu ina ɗaki na ji ƙarar murfi. Na leƙo, sai ga Zaki da ƙafarsa a kan matakin, kansa a ciki.